Mashaya Biyu a Ɗaki Ɗaya: Tarihin Zaman Taimakon Juna na Masu Son Rabuwa da Giya

Ga waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, ga shirin nan a rubuce kamar yadda muka saba. Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin abin da yawancinmu ba ma son a ambata a gaban mutane, wato giya, da halin mutumin da ta kama har ya kasa kuɓuta daga hannunta.

Bari mu fara da girman matsalar. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kusan mutum miliyan 400 ne ke fama da matsalar shanta. A cikinsu, miliyan 209 sun kai matsayin da jikinsu ya dogara da ita. To a yau, a ƙasashe kusan 180, akwai ɗakuna da irin waɗannan mutane ke taruwa su zauna na awa guda, ba likita a tsakaninsu, ba alƙali, ba kuɗin shiga, kowa ya faɗi labarinsa, a tashi. Sunan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, a taƙaice AA, ma'ana mashayan da ke sakaya sunayensu. Tambayata a yau ita ce: daga ina wannan zama ya samo asali, me ya sa ya ɗore shekara 90 alhali irinsa na baya ya rushe, kuma me mutum zai tarar idan ya taka ƙafarsa ciki?

Mutane da yawa sun ɗauka AA ce ta farko. Ba ita ba ce. A watan Afrilun 1840, a birnin Baltimo na Amurka, wasu abokan shan giya su shida, masu sana'ar hannu, suka yi wa juna alkawarin dainawa. Abin mamaki, a cikin mashayar da suka saba zama suka ƙulla wannan alkawari. Suka sa wa ƙungiyarsu sunan George Washington, shugaban Amurka na farko, shi ya sa tarihi ya san su da Washingtonians. Tsarinsu mai sauƙi ne: a haɗu duk mako, kowa ya zo da wani mashayin, kowa ya tashi ya ba da labarin yadda giya ta yi da shi da yadda ya bar ta. Kafin su, masu yaƙi da giya yawanci limaman coci ne da manyan gari, waɗanda ke wa'azi a kan mashayi, ba su magana da shi. Su kuwa waɗannan, mashayi ne ke magana da ɗan'uwansa mashayi. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Cikin shekara biyu zuwa uku abin ya bazu a Amurka, mutane dubbai ɗaruruwa suka sa hannu a takardar alkawari. Ranar 22 ga Fabrairun 1842, wani lauya ɗan shekara 33 mai suna Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya yi musu jawabi a garin Springfield. A ciki ya soki masu tsine wa mashaya, ya kuma nuna cewa da yawa daga waɗanda ba su faɗa wa giya ba, rashin sha'awarta ne ya tsare su, ba wai sun fi waɗanda suka faɗa hankali ko ɗabi'a ba.

Amma kafin ƙarshen shekarun 1840 ƙungiyar ta zama tarihi. Me ya kashe ta? Na farko, ta buɗe ƙofa ga kowa da kowa, har waɗanda ba su taɓa shan giya ba suka rinjayi mashayan da aka kafa ta dominsu. Na biyu, ta tsunduma cikin rigingimun siyasa, wasu na son a kafa dokar hana giya, wasu ba sa so, ga batun 'yanta bayi, ga saɓani da coci-coci. Na uku, ta dogara da fitattun masu jawabi waɗanda suka zama taurari. A 1845 aka nemi ɗaya daga cikin manyan masu jawabin wancan zamani, John Gough, aka rasa na kwanaki, daga baya aka same shi a buge a birnin Niyok. Shi dai ya ce wani abu aka zuba masa a abin sha, amma jaridu sun riga sun yi abinsu, kuma kunyar ta shafi tafiyar gaba ɗaya. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku, za mu dawo kansu.

Bayan rushewarsu, Amurka ta koma ga ƙarfin doka. Daga Janairun 1920 zuwa Disambar 1933 kundin tsarin mulkin ƙasar ya haramta yin giya, da sayar da ita, da safararta. Shan giya ya ragu a farko, wannan gaskiya ne. Sai dai kasuwar ta koma bayan fage, irin su Al Capone a Chicago suka kuɗance, mutane suka riƙa shan haɗe-haɗe masu guba. Gidajen jinyar mashaya da aka buɗe a ƙarni na 19 kuwa yawancinsu sun rufe, saboda an ɗauka doka ta gama da matsalar. Wanda giya ta riga ta kama sai ya rasa inda zai nufa, in ba gidan yari ba, sai asibitin mahaukata.

A irin wannan yanayi ne labarin William Wilson ya faro, wanda duniya ta sani da Bill W. An haife shi a 1895 a jihar Vermont, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya shiga hada-hadar hannayen jari a Niyok. Ya samu kuɗi, amma giya da karyewar kasuwa ta 1929 suka tsiyata shi, har ta kai matarsa Lois ce ke aiki a kanti tana ciyar da gida. Tsakanin 1933 da 1934, sau huɗu ana kwantar da shi a asibitin Towns. A can ya haɗu da Dokta William Silkworth, wanda ya gaya masa abin da ba a saba faɗa ba a lokacin: wannan ciwo ne mai fuska biyu. Ƙwaƙwalwa tana yaudarar mutum cewa wannan karon kofi ɗaya kawai zai sha, jiki kuma da ya ɗanɗana sai ya ƙi tsayawa. Saboda haka mafita ita ce kar a taɓa kofin farko.

A watan Nuwamban 1934 wani tsohon abokin shansa, Ebby Thacher, ya kawo masa ziyara. Bill ya miƙa masa giya, ya ƙi karɓa. Ebby ya shiga wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group, wadda wani fasto, Frank Buchman, ya kafa, kuma koyarwarta ta ƙunshi binciken kai, da faɗa wa wani laifinka, da biyan haƙƙin waɗanda ka cuta, da taimakon wasu. Wa'azin bai burge Bill ba, amma ganin mutumin da ya san ya fi shi lalacewa zaune garau, wannan ya tsaya masa a rai. Ranar 11 ga Disambar 1934 ya koma asibiti, kuma daga ranar bai sake shan giya ba har ya mutu.

Da ya fito sai ya shiga farautar mashaya yana musu wa'azi. Wata biyar yana yi, ko mutum ɗaya bai daina ba. Matarsa ce ta lurar da shi cewa akwai mutum ɗaya da ya tsira, wato shi kansa. Dokta Silkworth kuma ya ba shi shawarar ya ajiye wa'azi, ya fara da labarin kansa da bayanin ciwon.

A watan Mayun 1935 kasuwanci ya kai shi garin Akron a jihar Ohio, kuma cinikin ya wargaje. Ranar wata Asabar ya tsinci kansa a harabar otel ɗin Mayflower, ba kowa nasa a garin, ga mashaya a gefe ana ta shewa. A nan tunanin da ya haifi AA ya zo masa: ba wai wani mashayi ne ke bukatarsa ba, shi ne ke bukatar mashayin da zai yi wa magana don kar ya sha. Ya duba jerin sunayen limaman coci da ke bango, ya shiga buga waya, har aka haɗa shi da wata mata, Henrietta Seiberling, wadda ta san wani likitan tiyata da giya ke neman hallakawa, Dokta Robert Smith, wato Dokta Bob. Washegari, 12 ga Mayu, aka haɗa su. Dokta Bob ya ce minti 15 kawai zai bayar. Sai da suka shafe wajen awa shida. Likita ne, ya san illar giya a littafi fiye da Bill, amma bai taɓa zama da wanda ya san ciwon daga ciki ba.

Bai warke nan take ba fa. Bayan 'yan makonni ya tafi taron likitoci a Atlantic City, ya dawo a buge, ga tiyata tana jiransa. Da safiyar ranar aikin Bill ya ba shi kwalbar giya guda don hannunsa ya daina rawa. Ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa. Da ya gama tiyatar sai ya bi gari yana neman afuwar waɗanda ya saɓa wa. AA tana ɗaukar 10 ga Yunin 1935 a matsayin wannan rana, kuma ranar kafuwarta, kodayake wasu masu bincike sun ce 17 ga wata ne. Kafin watan ya ƙare suka je asibitin garin suka sami wani lauya a kwance, Bill Dotson, ya zama na uku.

Tafiyar ta yi nawa ƙwarai. Zuwa ƙarshen 1937 mutum kusan 40 ne kawai suka tsaya da ƙafarsu a Akron da Niyok. A cikin waɗannan shekaru jarrabawa ta fara zuwa, kuma ta farko kuɗi ce. Mai asibitin Towns ya yi wa Bill tayin aiki da albashi, abokan tafiyarsa suka ce a'a, abin da ka samu kyauta ba za ka sayar ba. Sannan suka nufi attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami da fatan samun maƙudan kuɗi su gina asibitoci. An ba shi shawarar ya ba da dala 50,000, shi kuwa ya ba da 5,000 kacal, saboda yana ganin kuɗi za su ɓata abin. A lokacin ransu ya ɓaci. Daga baya Bill da kansa ya riƙa cewa wannan hani ne ya cece su.

Jarrabawa ta biyu addini ce. Oxford Group ta Furotesta ce, 'yan Katolika ba sa sakewa da ita, ga shi a 1936 shugabanta ya yi wata magana a jarida da ta yi kama da yabon Hitler, ta jawo surutu. Mutanen Niyok suka balle a 1937, na Akron a 1939. Lokacin da ake rubuta littafin ƙungiyar ma an yi ta ja-in-ja tsakanin masu son a cika shi da koyarwar Kirista da irin su Jim Burwell, wanda bai yarda da addini ba sam. Aka tsaya a kan cewa kowa ya dogara ga wani iko da ya fi ƙarfinsa, gwargwadon fahimtarsa. Wannan sassauci shi ya ba ƙungiyar damar shiga ƙasashen da ba na Kirista ba.

Littafin ya fito a Afrilun 1939, lokacin mambobi ba su wuce 100 ba. An buga shi a takarda mai kauri don mai saye ya ga kuɗinsa dala uku da rabi ba su tafi a banza ba, shi ya sa har yau ake ce masa Babban Littafi. A cikinsa ne Matakai 12 suke. In taƙaita muku su da bakina: ka amsa cewa giya ta fi ƙarfinka, ka nemi taimako daga sama da kanka, ka zauna ka rubuta halayenka ba ƙarya, ka karanta wa wani amintacce, ka lissafa waɗanda ka cuta ka gyara tsakaninku, sai fa idan gyaran zai ƙara cutar da su, ka ci gaba da bibiyar kanka kullum, sannan ka kai saƙon ga wani mai fama. Littafin bai yi kasuwa ba da farko, a watan ma aka ƙwace gidan su Bill saboda bashi. Sai ranar 1 ga Maris 1941, da ɗan jarida Jack Alexander ya rubuta labarinsu a mujallar Saturday Evening Post, wasiƙu suka riƙa kwarara. A cikin shekarar mambobi suka tashi daga 2,000 zuwa 8,000. Zuwa 1950 sun kai 100,000.

Da yawa ya zo, rikici ya biyo baya. Kowane rukuni ya shiga kafa dokokin wa zai shiga wa ba zai shiga ba, ana faɗa a kan kuɗi da shugabanci, wasu na fita rediyo da cikakken sunansu. A tsakiyar shekarun 1940 mujallar ƙungiyar, Grapevine, ta tono tarihin Washingtonians, Bill ya ga ramin da suke dosa. A 1946 ya wallafa wasu ƙa'idoji 12 na tafiyar da ƙungiya, aka amince da su a babban taron Cleveland na 1950. Ku dube su ku tuna abubuwa ukun can. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, son daina shan giya. Aikin ƙungiya ɗaya ne, taimakon mashayi. Ba ta da ra'ayi a kan siyasa ko addini, ko dokar hana giya ma ba ta goyon baya, ba ta adawa. Ba ta karɓar kuɗin wanda ba mamba ba, mamba ma akwai iyakar abin da zai bayar a shekara. Shugabanni masu hidima ne da ake sauyawa. Kuma ba mai fita a jarida ko rediyo da cikakken suna a matsayin ɗan AA.

Sakaya suna yana aiki biyu. Yana rufa asirin sabon zuwa, wanda ke tsoron rasa aiki ko aure. Yana kuma kare ƙungiya daga masu neman suna, domin in ba tauraro, faɗuwar mutum ɗaya ba za ta ja kowa ƙasa ba. Bill ya yi aiki da wannan a kan kansa: a 1954 Jami'ar Yale ta yi masa tayin digirin girmamawa, ya ƙi karɓa. A 1955 ya miƙa ragamar ƙungiyar ga wakilan mambobi a taron St. Louis. Yawancin jama'ar gari ba su san cikakken sunansa a matsayin wanda ya kafa AA ba sai da ya mutu a Janairun 1971. Mu da ke harkar ƙungiyoyin matasa, mu da wani lokaci tun ba a yi aiki ba an fara rabon muƙami da buga hoto, wallahi akwai abin dubawa a nan.

Kar kuma mu mai da su waliyyai. AA ta farko ta fararen fata ce maza. Mata sun sha wuya kafin a karɓe su. Marty Mann, wadda ta shiga a 1939, tana cikin na farko da suka ɗore, kuma a 1944 ta kafa kwamitin wayar da kai da ya yaɗa fahimtar cewa wannan ciwo ne. Baƙar fata sun fuskanci wariya, har sai da wani likita baƙar fata, Jim Scott, ya taimaka aka kafa rukuninsu a birnin Washintan a 1945. A 1951 Lois da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, saboda wanda ke zaune da mashayi shi ma a jigace yake. A 1953 aka kafa Narcotics Anonymous a Kalifoniya domin masu shan ƙwaya. AA ta isa Afirka ta Kudu a 1946, Landan a 1947. Yau tana da mambobi kusan miliyan biyu, an fassara littafinta zuwa harsuna sama da 70, har da Larabci da Swahili da Zulu.

To yana aiki kuwa? An daɗe ana gardama. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken lafiya, ta haɗa bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Sakamakon ya nuna a cikin waɗanda aka bi da su ta tsarin da ke haɗa mutum da AA, kashi 42 cikin 100 sun cika shekara ba su sha ba, a kan kashi 35 na waɗanda aka bi da su ta wata sananniyar hanyar ba da shawara. Wannan nasara ce, amma ku lura fiye da rabi ba su cika shekarar ba. Ebby ma, wanda ya kai wa Bill saƙo, ya yi ta komawa yana dawowa kafin mutuwarsa a 1966. Wasu kuma maganar iko daga sama ba ta kwanta musu ba, shi ya sa aka samu wasu ƙungiyoyin, irin su Women for Sobriety ta mata a 1975, da SMART Recovery a 1994 wadda ta ginu kan ilimin halayyar ɗan Adam. A 1996 babbar kotun jihar Niyok ta yanke cewa tilasta wa fursuna zuwa irin wannan zama ya saɓa wa 'yancin addini. Musulmin Amurka kuma suka kafa Millati Islami a 1989, suka sake fasalin matakan bisa Alƙur'ani da Sunna. Kun san a wane gari? A Baltimo, inda mutum shidan can suka fara. A Iran kuwa, Narcotics Anonymous ta yi ƙarfin da ake zama dubbai duk mako.

Yanzu, wanda ke son zuwa, ya zai yi? AA na da ofisoshin yanki a ƙasashe da dama masu riƙe da jadawalin zama, akwai kuma manhajar waya mai suna Meeting Guide. Tun annobar korona a 2020 dubban zama suka koma Zoom, ana yi dare da rana da Turanci, da Faransanci, da Larabci, kuma kana iya rufe kyamara ka sa sunan da ka ga dama. Zaman iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda iyali ko ɗalibi ko duk mai son sani zai iya halarta, da rufaffe, na masu son daina sha kaɗai. Akwai na mata zalla, akwai na sababbin zuwa. Ba rajista, ba katin shaida. Sunan farko kawai ake faɗa. Wani lokaci mutum ɗaya ne zai ba da labarinsa, wani lokaci a zagaya kowa ya yi minti kaɗan. Ba a katse mai magana, ba a yi masa nasiha kai tsaye. In ba ka son cewa komai, ka ce saurare ka zo yi, shi kenan. Ana zagayawa da kwandon gudummawa don kuɗin haya da shayi, ba dole ba ne.

Tsofaffin mambobi kan ba sabo shawara ya gwada zama daban-daban kafin ya yanke hukunci, domin kowane rukuni da irin yanayinsa. Sukan ce kar ka yi alkawarin har abada, ka yi na yau kaɗai, gobe ka sabunta. Daga baya mutum kan zaɓi jagora, wato wanda ya daɗe da dainawa, mai ɗaga waya ko da tsakar dare idan sha'awa ta taso. Al'adar ita ce namiji ya riƙe namiji, mace ta riƙe mace, domin ɗakin da kowa ke shiga ba a rasa mai mugun nufi. Ana kuma ba da ɗan ƙarfe mai kama da kwabo don alamar kwana ɗaya, wata ɗaya, shekara ɗaya. Wata ma'aikaciyar coci, Sista Ignatia, wadda ta yi aiki da Dokta Bob a asibitin St. Thomas na Akron tun 1939, tana cikin waɗanda suka fara irin wannan: takan ba majinyaci lamba, da sharaɗin ya dawo mata da ita kafin ya sake kai giya bakinsa.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, kar ya tsaya dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba yana iya shiga rawar jiki, da farfaɗiya, da gane-gane, kuma hakan na kisa. A fara da likita. Akwai magunguna irin su naltrexone da ke rage sha'awar. Zaman taimakon juna ba asibiti ba ne, kuma AA da kanta ba ta ce ita asibiti ce ba.

Ina wannan tarihi ya shafe mu? Mu ma mun san hanyar doka. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 da zuwan Turawan mulkin mallaka aka hana shigo da barasa mai ƙarfi Arewacin Najeriya, daga 2000 kuma jihohi 12 suka ɗabbaƙa shari'a. Addini ya haramta, al'ada ta ƙyamata, kuma wannan ya tsare miliyoyinmu. Amma wanda ya riga ya faɗa fa? Shi kunyarsa ninki biyu ce, don haka ya fi kowa ɓoyewa. Ga kuma ƙwaya: binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, ban da giya da taba. A Satumban 2019 mun ga yadda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa ba mugunta ce ta sa suke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba, rasa mafita ne. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau, amma bayan sallama mutum unguwarsu zai koma, majalisarsu ta dā tana nan tana jiransa. Gurbin da zaman taimakon juna ke cikewa kenan: sabuwar majalisa.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A Sahihul Bukhari akwai labarin wani sahabi da aka yi ta kawowa ana masa haddi saboda giya, har wani ya tsine masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta laifin, ba a kori mutumin daga cikin jama'a ba.

Ni abin da na ɗauka a wannan tarihi shi ne, abin da ya fara a Akron bai bukaci gini ko tallafin ƙasar waje ba. Mutum biyu ne masu ciwo ɗaya, da ɗaki, da amana. Abin da ya raya shi kuma ƙa'idoji ne masu wuyar bi: kar a karɓi kuɗin waje, kar a nemi suna, kar a sa siyasa, kar abin da aka faɗa a ɗaki ya fita. Idan kana fama, ka fara da likita, sannan ka nemi zama ko da ta waya ne, ka shiga ka saurara kawai. Idan ɗan'uwanka ne ko mijinki, ku sani akwai zaman iyalai, kuma gori bai taɓa raba kowa da kwalba ba. Idan kuma ka daɗe da dainawa kana ɓoye labarinka, wataƙila akwai wani a unguwarku da minti 15 ɗinka za su yi masa amfanin da wa'azin shekara bai yi masa ba.

Nan za mu dakata a wannan mako. Ku tura wa wanda kuke ganin zai amfana, amma don Allah ta saƙon sirri, kar ku ambaci sunan kowa a bainar jama'a. Allah Ya yaye wa masu fama, Ya ba iyalansu haƙuri. Sai mun haɗu a shiri na gaba.